Injin Mai Da Injin Lantarki: Nazari A Kan Ƙananan Jiragen Sama Masu Sarrafuwa Da Rediyo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Samaru zuwa Sabon Gari ya san Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama da ke gefen hanya wajen Palladan, wadda jama'a suka fi sani da Abiyeshan. An kafa ta a 1964, watau shekara biyu bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun daga lokacin yaran wannan yanki suka tashi suna ganin jiragen koyo na shawagi bisa rufin gidajensu. Ba abin mamaki ba ne idan aka ga yaron da ya ƙware wajen haɗa motar langa-langa ya koma ƙera jirgi da kara da kwali. Yakan fitar da fukafukai da wutsiya daidai wa daida, amma daga nan sai aiki ya tsaya, domin abin da zai ja jirgin cikin iska ba a yin sa da kara.

A cikin wannan maƙala za a dubi wannan ɓangare da ya gagari yaron, watau injin da ke juya farfelar ƙaramin jirgin da mutum ke tuƙawa daga ƙasa ta hanyar rediyo. Iri biyu ne, akwai mai ƙona mai akwai mai amfani da batir, kuma masu wannan sana'a sun daɗe suna gardama a kan wanda ya fi. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa kowanne da inda ya fi ƙarfi, sa'an nan a auna su da halin da ake ciki a Zariya, inda abin da ake iya samu a kasuwa da abin da ake iya gyarawa su ne ke yanke hukunci.

Kafin a shiga bayani, akwai 'yar matsala ta kalmomi. Gidajen rediyo sun saba da cewa "jirgi maras matuƙi", alhali kuwa irin wanda ake magana a kai yana da matuƙi, sai dai a ƙasa yake tsaye riƙe da akwatin sarrafawa. Saboda haka a nan za a riƙa ce masa "ɗan jirgi". Haka kuma kalmar da Turawa ke kiran na'urar lantarki mai juyawa da ita tuni Hausa ta are ta, ta ba abin hawa mai ƙafa huɗu. Don gudun rikici za a ce "injin lantarki", ɗayan kuma "injin mai".

Injin Mai

Shi ne na farko a tarihi. Tagwayen nan na Amurka, Walter da William Good, waɗanda ake lasaftawa cikin magabatan wannan fanni, da injin fetur suka tashi ɗan jirginsu a 1937. Injinan wancan zamani suna buƙatar fulogi mai tartsatsi da batir da koyil, ga nauyi ga yawan lalacewa. A wajen 1947 wani mai suna Ray Arden ya fito da wani irin fulogi wanda ya sauya al'amarin baki ɗaya. A cikinsa akwai 'yar siririyar waya mai haɗe da ƙarfen filatinam. Ana jona mata batir na bolt ɗaya da rabi har ta yi ja kamar garwashi, a murɗa farfela, da zarar inji ya kama sai a cire batirin. Daga nan wayar ba ta hucewa, domin zafin ƙonewar mai da kuma yadda filatinam ke mu'amala da tururin man sun isa su riƙe ta a ja. Wannan shi za a kira fulogin garwashi.

Man da wannan inji ke sha ba fetur ba ne. Haɗi ne na abu uku. Mafi yawansa metanol ne, wani irin sinadari dangin barasa mai guba ƙwarai, wanda shansa ke makantarwa har ya kashe. Sai naitiro, wanda galibi akan sa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 don ƙara ƙarfi. Na ukun shi ne man shafe ƙarafa, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na haɗin, kuma abin sha'awa, wanda aka daɗe ana yabo a nan shi ne man zurma, itacen nan da ke fitowa a bayan gari ba wanda ya shuka shi. Dalili kuwa shi ne ba ya saurin tsinkewa idan ƙarfe ya yi zafi. Tun da injin ba shi da wurin ajiye baƙin mai kamar na mota, man zurman yakan bi ta cikinsa ya fito ta salansa, ya shafe gefen jirgi da fiffike, sai an bi da tsumma bayan kowane tashi.

Injin da aka fi ba ɗan koyo a da girman silindarsa bai kai cikin cokalin cin abinci ba, amma yana iya juya farfela fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Yakan shanye abin da ya kai rubu'in lita cikin minti goma zuwa sha biyar. Ƙararsa kuwa ba a magana, ta fi ta injin markaɗe kaifi. Masu sonsa na cewa wannan ƙara da ƙaurin hayaƙin su ne daɗin abin, kuma lalle wanda ya iya saita allurar kafireto da kunne, ya gane lokacin da mai ya yi yawa da lokacin da ya yi kaɗan, ya koyi rabin kanikanci. Sai dai wannan allurar ita ce kuma babbar matsala. Idan mai ya yi kaɗan inji ya yi zafi ya mutu a sama, idan ya yi yawa ya shaƙe, ko ta wace hanya matuƙi ya shiga uku, don ba shi da damar sake tayar da shi sai ya lallaɓo da jirgin ƙasa ba inji.

Akwai kuma injin fetur na zamani, wanda ake sa wa manyan 'yan jirage. Ɗan'uwan ƙaramin janareton nan ne da ake zuba wa fetur gauraye da baƙin mai, da kuma injin yankan ciyawa, har ma wasu kan cire na yankan ciyawan su rage masa nauyi su ɗaura wa jirgi. Ya fi na garwashi tsimin mai nesa ba kusa ba, amma yana da nauyi da jijjiga, bai dace da jirgin da bai kai kilo huɗu ko biyar ba.

Injin Lantarki

Tunanin tashin ɗan jirgi da batir ba sabo ba ne. A 1957 wani Kanar H. J. Taplin ya yi haka a Ingila. Amma an shafe shekaru kusan arba'in abin bai wuce na masu haƙuri ba, saboda batiran lokacin nauyinsu ya fi ƙarfinsu, jirgi kan tashi da ƙyar ya yi 'yan mintoci ya sauko. Abu biyu suka kawo sauyi. Na farko shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka ba masana uku kyautar Nobel a 2019. Na biyu shi ne injin da ba shi da burushi.

Wannan na biyun yana buƙatar bayani. A tsohon injin lantarki, irin na cikin rediyon kaset ko motar wasan yara, naɗin waya ne ke juyawa a tsakiya, wuta kuma na isa gare shi ta wasu 'yan gawayi guda biyu masu gogar sandar, su ne burushi. Gugar nan na cin ƙarfi, tana kawo zafi da tartsatsi, gawayin kuma na ƙarewa. A sabon injin an juya tsarin. Naɗin wayar na zaune wuri ɗaya a ciki, sai ƙoƙon da ke waje, wanda aka jera wa mayen ƙarfe, shi ke zagayawa da farfela, kamar dai yadda gangar jikin fankar sama ke juyawa alhali cikinta na tsaye. Wayoyi uku ke fita daga cikinsa zuwa wata 'yar na'ura mai rarraba wuta, wadda ke kunna su bi da bi sau dubbai a daƙiƙa ɗaya gwargwadon umurnin matuƙi. Idan aka ga farfela na juyawa baya, sai a musanya biyu daga cikin wayoyin uku, shi ke nan. Irin wannan inji na mai da fiye da kashi 80 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa juyi, kuma in ban da boris biyu babu abin da ke gogar wani a cikinsa.

Batirin ne wurin kula. Kowane ɗaki nasa na ba da bolt 3.7, idan ya cika 4.2. Ba a son a haura wannan wajen caji, ba a kuma son a zuƙe shi ƙasa da bolt 3, kuma idan za a ajiye shi kwanaki sai a bar shi rabi. Wanda ya saɓa waɗannan ƙa'idoji zai ga batirin ya kumbura kamar burodi, wanda kuwa ya huda shi ko ya yi masa caji da cajar da ba tasa ba na iya tayar da gobarar da ke da wuyar kashewa. Akwai wani haɗari kuma da ba a cika lura da shi ba. Injin mai idan yana aiki kowa na ji, idan ya mutu kuma ya mutu. Na lantarki kuwa yana nan shiru kamar ba ya da rai, hannu na taɓa sandar sarrafawa bisa kuskure sai farfela ta zabura da cikakken ƙarfi, kuma ba ta tsayawa don ta sari yatsa.

Nauyi Da Nisa

A nan ne ainihin gardamar take, domin a harkar jirgi kowane giram sai ya biya kuɗin motarsa. Ƙarfin da ke ƙunshe cikin kilo ɗaya na fetur ya ninka na kilo ɗaya na batirin litiyam sau hamsin ko fiye. Metanol bai kai rabin fetur ba, amma shi ma ya yi wa batir nisa. Gaskiya ne ƙaramin injin mai almubazzari ne, mafi yawan abin da ya ƙona a zafi da ƙara da hayaƙi yake tafiya. Amma ko an cire wannan hasara, fetur na nan gaba da kimanin ninki goma. Daɗin daɗawa, jirgin mai yana rage nauyi yayin da yake tafiya, tanki na raguwa fukafukai na samun sauƙi. Batir kuwa nauyinsa ɗaya, ko cike ko wofi, jirgi zai ɗauke shi ya je ya kuma dawo da shi.

Babu misalin da ya fi na Maynard Hill fitar da wannan a fili. A watan Agusta na 2003, yana da shekara 77, idonsa ya kusa tafiya, ɗan jirgin da ya ƙera ya tashi daga Newfoundland ta ƙasar Kanada ya sauka a gaɓar ƙasar Ailan. Ya ƙetare Tekun Atlantika, tafiyar kilomita 3,000 da 'yan kai, cikin awa 38 da minti 52. Da rediyo aka tashe shi, da rediyo aka saukar da shi, a tsakiyar teku kuma na'ura ce ta riƙe masa hanya. Duk nauyinsa bai haura kilo 5 ba, kusan rabi mai ne, kuma ya isa da ɗan abin da bai cika kofin shayi ba a tanki. Babu batirin da ke kasuwa da zai yi wannan tafiya da wannan nauyi.

Ko a nan gida an ga haka. Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta ƙaddamar da jirgin leƙen asiri da ta ƙera a Kaduna a watan Disamba na 2013, ta sa masa suna Gulma, sa'an nan a watan Fabrairu na 2018 ta fito da wani ta kira shi Tsaigumi. (Masu nazarin harshe za su lura da dacewar sunayen, domin aikin jiragen ke nan, su gano su kai rahoto.) Dukansu da mai suke aiki, kuma an bayyana cewa Tsaigumi na iya yin fiye da awa goma a sama. Aikin da ke buƙatar yini guda ana shawagi ba na batir ba ne. A ɗaya ɓangaren, a 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara na Jihar Kaduna daga sansaninsa na Pambeguwa, kan hanyar Zariya zuwa Jos, da jirage masu batir zalla. Kayan da suke ɗauka bai kai kilo biyu ba, nisan zuwa kimanin kilomita 80, su saki kayan da 'yar laima su juyo, a cire batir a sa wani. Ga aikin da ake maimaitawa sau da yawa a rana, ana bukatar injin da zai tashi nan take ba tare da an saita allura ba, lantarki ya fi. Manyan jirage ma ba su tsira daga wannan lissafi ba: jirgin lantarki mai ɗaukar mutum na farko da hukumar Turai ta ba takardar amincewa, a 2020, bai cika awa ɗaya a sama ba.

To, ɗan koyo fa? Shi ba teku zai ƙetare ba. Minti goma na farko da zai yi yana bin jirgi da ido, wuya a sage, hannu na rawa, sun ishe shi gajiya. Batir mai ɗaki uku wanda bai kai giram 200 ba zai ba shi wannan minti goman, daidai da abin da rubu'in litar metanol ke bayarwa. Watau a ƙaramin jirgi da gajeren tashi, fifikon mai bai ma samu damar bayyana ba.

Halin Da Ake Ciki A Zariya

Samaru na bisa tudu, kusan mita 700 sama da teku, kuma a watan Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40. Tudu da zafi duka suna sa iska ta yi shara-shara, har ta kan rage kauri da kusan kashi 15 cikin 100 idan aka gwada da ma'aunin da masu ƙera injuna ke aiki da shi. Fiffike da farfela duka suna jin wannan ragi, ko wane inji aka sa. Amma injin mai hasararsa biyu ce, domin shi numfashi yake yi, iskar da ya shaƙa ita ke ƙona masa mai. Injin lantarki ba ruwansa da numfashi, sai dai batirinsa ba ya ƙaunar rana, wanda ya bar shi cikin mota a rufe da tsakar bazara ya gama da shi.

Hunturu kuma da tasa fitinar. Galibin injinan garwashi bakin kafiretonsu a buɗe yake ba mataci, ƙurar da ke sauka daga Disamba zuwa Fabrairu na shiga ta gauraya da man zurma ta zama kamar sandfefa tsakanin fistin da silinda. Da damina kuwa metanol na zuƙar laima daga iska, galan ɗin da aka bari ba a toshe ba sai ya lalace. Sa'an nan a zo ga babbar tambaya, ina za a sami man? Fetur dai ko bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023 yana nan a kowane gidan mai, kuma abin da ɗan jirgi zai sha bai taka kara ya karya ba. Amma haɗin metanol da naitiro ba kayan gidan mai ba ne, fulogin garwashi kuma, wanda ke ƙonewa lokaci lokaci, ba shi cikin kayan masu sayar da fulogin babur. Duk sai an yi oda daga nesa, mai kama wuta kuwa ba a cika yarda a ɗauko shi a jirgi ba. Injin da ya mallaki wannan fanni shekara hamsin a Turai da Amurka shi ne mafi rashin gata a Zariya.

Za a ce ai lantarki ma ba shi da tabbas, wutar NEPA sai an gan ta. Wannan hujja ba ta kai yadda ake zato ba. Wutar da batirin nan mai ɗaki uku ke ɗauka kaɗan ta ɗara ta babbar wayar hannu, ana iya cika shi daga batirin mota ko ƙaramin faifan sola, a bakin fili ma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hannun da zai gyara. A Sabon Gari akwai masu naɗin koyil na fanka da injin ruwa, akwai masu gyaran waya da suka saba da dalma da ƙananan na'urori, kuma injin da ba burushi idan ya ƙone waya ce kawai za a warware a ƙirga zagayen a sake naɗawa. A farkon shekarun 2000 masu wannan sha'awa a Turai da injin cikin na'urar faifan kwamfuta suka riƙa farawa, su sake masa naɗi su ƙara masa mayen ƙarfe. Gangar jirgin kuwa, tun da lantarki ba ya jijjiga ba ya kuma zubar da mai, farin soson nan da ake kunshe firji da talabijin a ciki ya isa, abin da fetur zai narkar nan take. Idan ya faɗo, kuma lalle zai faɗo, gam da salatif sun mai da shi. Sai dai a yi hattara da tsofaffin batiran kwamfutar tafi-da-gidanka da ake ɓarewa ana sayarwa ɗai-ɗai. Suna riƙe wuta, amma ba sa iya sakinta da saurin da inji ke nema lokacin tashi, sukan yi zafi ƙarfinsu ya faɗi daidai lokacin da jirgi ya bar ƙasa.

Saboda waɗannan dalilai, ɗalibin injiniya ko na aikin gona da ke son ɗan jirgin da zai ɗauki hoton gonakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da lantarki ya kamata ya fara. Ranar da aikinsa ya kai ga ɗaukar kaya masu nauyi ko yin awoyi a sama, sai ya tsallake injin garwashi ya tafi kai tsaye ga na fetur, wanda kowane bakaniken janareto zai gane cikinsa.

Ko wane inji aka zaɓa, sararin Zariya ba fili ne na kowa ba. Jiragen Abiyeshan na tashi da sauka ƙasa-ƙasa a tsakanin Samaru da Sabon Gari, ɗalibai ne kuma ke tuƙa su, ɗan jirgi mai kilo biyu idan ya shiga farfelar ɗayansu ya isa ya jawo hasarar rai. Ga kuma barikokin soja a Basawa da cikin gari. Tun a watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba a yarda a tashi jirgi maras matuƙi ba sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Shirun injin lantarki, wanda ke sa maƙwabta ba sa ƙorafi, shi ne kuma ke sa ɗan koyo ya ga kamar zai iya gwaji a filin ƙwallon unguwa. Ya kamata sashen da ɗalibi yake ya nema masa izini a rubuce, a sanar da hasumiyar Abiyeshan rana da lokaci, a kuma fita bayan gari nesa da hanyar saukar jirage.